Tambaya da Amsa: Tsara Kwasa-kwasan Digirin Digirgir da Haɗa Kwamitin Jarrabawar Cancanta a Amurka

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne ɗan Katsina. Na kammala digiri na biyu a gida, sannan Allah ya nufe ni da samun gurbin karatun digirin digirgir a fannin kimiyyar ƙasar noma a ɗaya daga cikin rassan Jami'ar Kaliforniya ta Amurka, kuma yanzu ina zangona na farko. An ba ni takarda in cike jerin kwasa-kwasan da zan ɗauka cikin shekara biyu, aka kuma shaida mini cewa ni da kaina zan nemo malaman da za su zauna a kwamitin da zai yi mini jarrabawar cancanta. A gida sashe ne yake naɗa masu jarraba ɗalibi, saboda haka ina jin nauyin in tunkari farfesa in ce ya zo ya jarraba ni. Ta ina ya kamata in fara?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa albarka a karatu. Shawarata ta farko ita ce kada ka ɗauki takardar kwasa-kwasan da batun kwamitin a matsayin ayyuka biyu mabambanta, domin aiki ɗaya ne, kuma daga ranar jarrabawar ake fara lissafinsa a dawo baya.

A tsarin Amurka, ɗalibi ba ya zama cikakken mai neman digirin digirgir sai ya tsallake wannan jarrabawa, wadda galibi akan yi ta a ƙarshen shekara ta biyu ko cikin ta uku. A rassan Jami'ar Kaliforniya jarrabawar baki ce ta awa biyu zuwa uku, inda malamai huɗu ko biyar suke zama, ɗalibi yana tsaye a gaban allo, suna yi masa tambayoyi a kan fannonin da ya ce ya ƙware a cikinsu, waɗanda yawanci uku ne, da kuma shirin binciken da ya rubuta. Tunda haka ne, ka zauna da malamin da ke duba aikinka tun yanzu ku tsayar da waɗannan fannoni, ko da a ƙiyasi ne. Idan alal misali kun tsaya a kan sinadaran ƙasa, da ƙananan halittun da ke cikinta, da lissafin ƙididdiga, to kowane kwas da za ka rubuta a takardar nan sai ya kasance ko dai sashe ya wajabta shi, ko kuma yana ƙarfafa ɗaya daga cikin ukun. Kwas ɗin da ya burge ka kawai, ba ya cikin ɗayan biyun, ka jinkirta shi har bayan jarrabawa.

Akwai abubuwan da ya kamata ka bincika kafin ka sa hannu. Wasu kwasa-kwasan ba kowace shekara ake koyar da su ba, sai an tsallake shekara guda, kuma ɗalibin da ya bari irin wannan ya wuce shi a shekarar farko yana iya iske jarrabawarsa ta ja baya da zango biyu ko uku. Ka je wurin jami'in da ke kula da harkokin ɗaliban manyan digiri a sashenku, ka nemi jadawalin shekara biyu masu zuwa, ka kuma tambaye shi ko za a yafe maka wani kwas saboda ka riga ka yi makamancinsa a digiri na biyu. Za su buƙaci manhajar kwas ɗin a rubuce, don haka ka aika gida a turo maka. Kada kuma ka manta cewa bizar karatu ta F-1 tana buƙatar cikakkiyar rajista a kowane zango, ita kuma jami'a tana buƙatar kada matsakaicin makinka ya sauka ƙasa da 3.0 a ma'aunin 4.0.

Dalilin da ya sa nake matsa maka a kan lokaci shi ne kuɗi. Jami'ar Kaliforniya tana ɗora wa ɗalibin da ba mazaunin jihar ba ƙarin kuɗin makaranta da ya haura dala 15,000 a shekara, kuma mai bizar karatu ba ya iya zama mazaunin jiha ta fuskar wannan doka komai daɗewarsa. Amma da zarar ka ci jarrabawar aka tabbatar da matsayinka, ana ɗauke wannan ƙari har tsawon shekara uku. Ko kai ne kake biya, ko sashe, ko malaminka daga kuɗin bincikensa, kowane zangon da aka ɓata akwai mai jin nauyinsa a aljihu.

Yanzu ga batun da ya fi damunka. Kunyar da kake ji tarbiyya ce mai kyau, amma a can zama a kwamitin ɗalibi yana cikin aikin da aka ɗauki farfesa dominsa, kuma ba ya ganin roƙon a matsayin rashin ladabi. Abin da yake ɓata masa rai shi ne ɗalibin da bai taɓa gani ba ya ɓullo masa saura wata guda. Nan ne kwasa-kwasan suke yi maka rana. Ka zaɓi ajin malaman da kake hasashen za ka nema, ka riƙa zuwa ofishinsu a sa'o'in da suka ware don ganin ɗalibai, ka je da tambaya ta gaske a kan darasi. Bayan zango guda mutumin ya san yadda kake tunani, kai ma ka san irin tambayar da yake yi, sai roƙon ya zama gajeriyar wasiƙa ta imel mai ɗauke da taken bincikenka, da fannin da kake so ya jarraba ka a kai, da watan da kake sa ran zama.

Dokokin haɗa kwamiti sun bambanta daga reshe zuwa reshe, har daga sashe zuwa sashe, saboda haka littafin ƙa'idojin sashenku shi ne alƙali. Abin da ya yaɗu shi ne malamin da ke duba aikinka ba ya shugabantar kwamitin jarrabawar, wasu sassan ma ba sa barinsa ya zauna a ciki, kuma sassa da yawa suna shar'anta mutum ɗaya ya fito daga wajen sashe. Jerin sunayen da kuka tsayar sai ofishin karatun manyan digiri ya amince da shi makonni kafin ranar, in ba haka ba zaman bai inganta ba.

Ban ba ka shawarar bin suna ba. Shahararren farfesan da kullum yana kan hanya zai wahalar da kai wajen tsayar da rana, kuma wanda ɗalibai suke rububinsa don sauƙinsa ba zai nuna maka ramin da ke cikin shirin bincikenka ba, alhali gara ka ji shi yanzu da ka ji shi bayan ka shekara biyu kana haƙar ƙasa kana kai wa ɗakin gwaji. Ka nemi wanda yake karanta abin da aka ba shi, ka kuma tambayi ɗaliban da suka riga ka, cikin sirri da ladabi, ko akwai malamai biyu da ba sa ga maciji da juna, domin ɗalibi ne yake shan wahalar irin wannan zama. Ni kaina na taɓa dogara da wata malama da na yi wata takwas ina karatu a ƙarƙashinta, sai a makon da zan miƙa sunaye ta gaya mini cewa za ta tafi hutun nazari na shekara guda, abin da tambaya ɗaya tun farko za ta bayyana mini. Ka tambayi kowa shirinsa na tafiya, ka kuma guji sa ranar a hutun bazara, domin yawancin malaman kwantiraginsu na wata tara ne.

Idan kwamiti ya haɗu, ka gana da kowane mutum shi kaɗai wata uku ko huɗu kafin ranar, ka roƙe shi ya iyakance maka abin da zai tambaya da littattafan da yake so ka karanta, ka rubuta a gabansa. Sannan ka tara ɗaliban da suka riga suka ci tasu su yi maka jarrabawar gwaji a ɗakin da za a yi ta ainihin, kana tsaye da alli a hannu, aƙalla sau biyu. Idan aka yi maka tambayar da ba ka san amsarta ba, ka faɗi hakan a fili, sa'an nan ka bayyana hanyar da za ka bi ka gano amsar, domin wannan ma yana cikin abin da kwamitin yake aunawa.