Rauta ta ƙone, sai na sake biyan kuɗin saiti?

Wani ɗan'uwa mai sayar da tikitin Wi-Fi a unguwar Nima ta Accra ya aiko da tambaya. An dawo da wuta da ƙarfi, rautarsa (na'urar rarraba intanet) ƙirar MikroTik ta ƙone. Ya sayo sabuwa, mai gyara ya ce sai an biya shi kuɗin saiti tun daga farko, ga masu tikitin mako sun taso shi a gaba. Yaya zai yi kada a maimaita?

Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Wannan karon biya ya zama dole, tunda babu kwafin saitin a hannunka. Amma ka gindaya sharaɗi kafin ka tura masa kuɗin ta waya (MoMo): aiki bai ƙare ba sai ya miƙa maka kalmar sirrin rautar da kwafin saitinta. Kai ka biya kuɗin saitin nan, jarinka ne, bai kamata ya zauna a kwamfutar wani ba. Idan cinikinka na yini sidi 200 ne, kwana 3 a rufe sidi 600 ke nan, ban da kwastomomin da suka koma wurin maƙwabci.

Kwafi iri biyu za a yi maka. Na farko, a buɗe Winbox, manhajar saita rautar daga kwamfuta, a shiga Files, a danna Backup, a sa masa kalmar sirri. Wannan fayil yana ɗauke da kusan komai, yawanci har da tikitin da ka sayar, sai dai an yi shi ne don ita wannan rautar. Idan aka loda shi a wata iri dabam, sau da yawa ƙofofin waya da Wi-Fi ɗin kan rikice. Shi ya sa na biyun ya fi muhimmanci a wurina. A shiga New Terminal a cikin Winbox a rubuta /export file=shago. Zai fito da fayil na rubutu wanda ake iya karantawa, a gyara, a zuba a sabuwar na'ura da umarnin /import. Idan manhajar da ke cikin rautar RouterOS 7 ce, sai an ƙara show-sensitive a umarnin /export, in ba haka ba kalmomin sirrin Wi-Fi da na layin intanet ba za su shiga ba, kuma ba za ka gane ba sai ranar buƙata.

Shafin da kwastoma ke shigar da lambar tikiti, mai ɗauke da sunan shagonka da farashi, ba ya cikin ko ɗaya. Yana cikin jakar hotspot a Files, sai an kwafe ta dabam.

Kada a bar fayilolin a cikin rautar, domin tare za su ƙone. A jawo su zuwa kwamfuta, ɗaya a filash a gida, ɗaya a Google Drive naka, a sa kwanan wata a sunan kowane. Kada ka tura su a rukunin WhatsApp, mabuɗin shagonka ne a ciki.

A sabunta kwafin duk lokacin da aka canza farashi, ko aka buga sabbin tikiti, da kuma kafin a ɗaukaka manhajar rautar. Ka zaɓi wata safiya da babu jama'a, mai gyara ya goge saitin ya mayar da shi a gabanka, sannan ka gwada tsohon tikiti da wayarka. Idan ya buɗe, ka biya shi ragowar kuɗinsa. Abin da ya saura a cinikin makon, ka saya wa rautar ƙaramin UPS, na'urar batir mai riƙe mata wuta idan an ɗauke.