Oga ya canza alamar soket amma zanena bai canza ba

Tambaya: Salam Malam. Ina Babura, daga gida nake yi wa wani ofishin zanen gini na Kano aiki da manhajar zane ta AutoCAD, mu uku ne, ɗaya na Ringim ɗaya na Dambatta. Kullum sai oga ya dawo mana da filan wai alamar soket da ta ƙofa ba iri ɗaya ba, kaurin layi ma daban in an buga. Ta WhatsApp yake turo mana sabbin alamomi. Ya za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ai WhatsApp ɗin nan shi ne ya haɗa ku rigima, kowa da kwafinsa, na wani tun bara na wani makon jiya kuma duk sunansu ɗaya. Ku buɗe folda guda a Google Drive, 15GB suke bayarwa kyauta, ya ishe ku har ya yi saura. Mutum ɗaya tak za a ba ikon gyara, sauran ku gani ku ɗauka kawai, in kowa na sa hannu to an koma gidan jiya.

A ciki a zuba fayil ɗin DWT wanda duk sabon zane daga shi za a fara, da leyoyinsa, wato shimfiɗun da ake rarraba sassan zane a kansu, da girman rubutu, sai CTB, shi ke riƙe da kaurin layi wajen bugawa, sai fayil ɗin zane na DWG mai alamomin da salon rubutu na SHX. Kowa ya sa manhajar Google Drive ta kwamfuta, ya zaɓi foldar ta zauna a laftof ɗinsa ko ba intanet tunda na san yadda sabis yake a ƙauye, sannan a cikin AutoCAD ya rubuta OPTIONS ya shiga Files ya nuna wa AutoCAD inda take.

To ga inda mutane ke faɗawa. Alama, wato bulok, da zarar ka saka ta a zane ta tare a cikin zanen ke nan, ko oga ya gyara ta asali sau goma taka ba za ta motsa ba, kai ko ka sake jawo sabuwar in dai sunansu ɗaya tsohuwar ce za ta fito maka. Danna Ctrl da 2, DesignCenter zai buɗe, nemo bulok ɗin a foldar, danna ɓangaren dama na linzami ka zaɓi Redefine only, nan take duk soket ɗin filan za su koma sabo. Shi ya sa kar a riƙa canza wa bulok suna don an gyara shi.

WhatsApp a bar shi na sanarwa, an gyara kaza ranar kaza, shi ke nan. Kuma in akwai mai tsohon AutoCAD a cikinku ku sani wanda bai kai na 2018 ba ba ya buɗe fayil ɗin tsarin 2018, sai mai riƙe da foldar ya dinga ajiyewa a tsarin 2010 ko 2013, ya danganta da na wa ya fi tsufa.