Fok da shok na keken gangara: da wanne za a fara?

Ɗan'uwa, ka ce kana sake haɗa tsohon kekenka na gangarar duwatsu, kana tambayar wane fok (ƙafafun da ke riƙe tayar gaba suna shanye gargada) da shok ɗin baya (mai shanye gargadar tayar baya) za ka saya, na iska ko na sifirin.

Kafin ka duba farashi, ɗauki abin awo ka auna tsohon shok ɗin daga ido zuwa ido, wato tsakanin ramukan ɗaure shi guda biyu, da tsawon shigarsa in an danne shi. Tsofaffin firam da yawa suna ɗaukar 241x76 (tsawo da shiga, a milimita), sababbi kuma 250x75 ko 225x75. Ba sa maye gurbin juna. In ka cusa wanda bai dace ba, tayar baya na iya gogar firam in ka diro daga tudu, kuma wannan haɗari ne na gaske.

Ni dai ga shok ɗin baya na fi son sifirin. Bai cika canza hali ba in ya yi zafi a doguwar gangara, kuma taya ta fi manne ƙasa a kan tsakuwa da saiwoyi. Sai dai ka zaɓi sifirin daidai nauyinka: in ka hau da kwalkwali da duk kayanka, shok ya nutse kusan kashi 30 cikin 100 na tsawon shigarsa.

A gaba, nemi fok mai kai biyu, wato mai maɗauri sama da ƙasan wuyan firam, mai shigar milimita 200, kamar RockShox Boxxer ko Fox 40. Ka tabbata ya dace da girman tayarka, inci 27.5 ko 29, da aksil ɗinka (ƙarfen da ya ratsa tsakiyar taya) na milimita 20.

In na hannu za ka saya, haska sandunan fok da na shok masu shiga da fita da fitila. Ƙarzuwa ko ɗaya ce, tana iya cin robar da ke tare mai, mai ya riƙa yoyo.