Man dizal ya shiga rijiyar maƙwabci, kamfanin inshora ya ce ba ruwansa

Wani Alhaji mai injin casar shinkafa a Gombe ya rubuto mini. Ya ce shekara shida yana biyan inshorar da ke ɗaukar nauyin ɓarnar da sana'arsa za ta yi wa wasu mutane. Mako biyu kafin ya sabunta ta bana, bututun tankinsa na dizal ya fashe da dare, aka gyara da safe. Bayan wata biyu maƙwabcinsa ya zo da ruwa a bokiti, mai na yawo a sama, rijiyar gidansa ba ta shaywa. Kamfani ya ce sabuwar takarda ta cire duk abin da ya shafi gurɓata muhalli.

Alhaji, zan fara da mai ɗaci. A idon doka, sabunta inshora sabon ciniki ne. Idan an aiko maka da sabuwar takarda ka biya, ana ɗauka ka yarda da abin da ke ciki ko ba ka karanta ba. Maƙwabcinka kuma yana da hujja mai ƙarfi. Akwai ƙa'idar da ta samo asali daga wata shari'a a Ingila a 1868, kotunan Najeriya suna aiki da ita: wanda ya tara abu mai haɗari a filinsa, ya kuɓuce ya yi ɓarna a na wani, zai iya biyan diyya ko bai yi sakaci ba.

Wannan sharaɗin da aka kawo maka ba a Gombe aka ƙirƙiro shi ba. A Amurka, takardar da kamfanoni ke kwafa ta 1973 tana biyan gurɓatar da ta faru kwatsam ba da gangan ba. Da shari'o'i suka yi yawa, ISO (Insurance Services Office), ƙungiyar da ke tsara wa kamfanonin inshorar Amurka takardu, ta sauya lafazin a 1986, ta kusan toshe ƙofar gaba ɗaya. Kamfanoninmu su ma suna kai wani kaso na nauyinsu ga manyan kamfanonin waje, don haka abin da aka sauya can yakan biyo mu.

To amma wace takarda ce ke hukunci a kan rijiyar nan? Nan ne nake ganin kamfani ya yi gaggawa. Irin wannan inshora kashi biyu ce. Wata tana duba ranar da ɓarnar ta auku, ko da an kawo kuka bayan shekaru. Wata kuma tana duba ranar da aka kawo kukan. Ka ɗauko takardar bara, a karanta maka sashen farko inda kamfani ya faɗi abin da ya ɗauki alkawarin biya. Idan mai duba ranar da ɓarnar ta auku ce, kuma tana biyan malalar da ta zo kwatsam, to sabon sharaɗi ba zai koma baya ya cinye haƙƙinka ba. Za su ce man bai isa rijiya ba sai bayan sabuntawa. Shi ya sa rasit ɗin mai gyaran bututu, hotunan wayarka masu kwanan wata, littafin sayen dizal da rahoton masanin da ya gwada ruwa da ƙasar wurin suka fi dogon surutu amfani. Inda lafazi ya ɗauki ma'ana biyu kuwa, kotu takan fassara shi a kan wanda ya rubuta, wato kamfani.

Za su kuma ce ba ka sanar da su ba ranar da bututun ya fashe. Wannan rauni ne, ba zan ɓoye maka ba. Sai dai sashe na 55 na dokar inshora ta 2003 ya hana kamfani fakewa da saɓa sharaɗin da bai da alaƙa ta gaske da asarar. Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar doka a watan Agustan 2025 wadda ta maye gurbinta, saboda haka lauyanka zai duba ranar takardarka ya ga wadda ta hau kanta.

Akwai kuma wanda ya kawo maka takardar. In dillalin inshora ne mai rajista, wakilinka ne, aikinsa ne ya nuna maka an rage wani abu. In ya yi shiru, kana iya neman diyya a wurinsa.

Maganar maƙwabci tana damuna, domin iyali ne ba su da ruwan sha. Ka sa 'yan garuwa su riƙa kai musu, haƙƙin maƙwabtaka ne. Amma ko a gaban mai unguwa kada ka sa hannu cewa ka ɗauki laifi ko ka yanke kuɗin diyya, don yawancin takardu sun hana haka sai da izinin kamfani. Ka sanar da su abin da kake kashewa.

A makon nan ka rubuta wa kamfani wasiƙa, ka shigar da buƙatarka ƙarƙashin takardar bara da lambarta, ka nemi dalilin ƙin biya a rubuce. In sun toge, ka kai ƙorafi NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora a Najeriya. Kafin ka nufi kotu, a duba ko takardar ta wajabta zuwa wurin mai sasanci tukuna, da wa'adin da ta ba ka.