Tambaya da Amsa: Haɗa Tsohuwar Oba-oba da Makullin Mota

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna da tsohuwar oba-oba ƙirar Motorola GM300 a motar ƙungiyarmu ta sintiri, kuma sau biyu ke nan ana mantawa da ita a kunne har batir ya mutu kafin asuba. Shin akwai yadda za a yi ta riƙa kunnuwa idan an murɗa makulli, ta mutu idan an zare shi? Daga mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Akwai hanya, amma ina roƙonka kada ka yarda mai wayarin ya ɗebo mata wuta kai tsaye daga wayar makulli, domin idan aka danna maɓallin magana, na'ura mai ƙarfin wat 45 tana jan fiye da amfiya 10, wanda siririyar wayar nan ba za ta jure ba. Ko dai fis ya riƙa ƙonewa, ko kuma robar wayar ta narke a bayan sitiyari.

Abin da ya dace shi ne a sa rile (wato ɗan makunnin da ƙaramar wuta ke kunna shi don ya wuce da babbar wuta) irin na mota mai amfiya 30, wanda ake samu a kowane shagon kayan wuta. Idan ka juya shi za ka ga lambobi kusa da ƙafafunsa. Ƙafa ta 30 za ta karɓi waya mai kauri daga batir, tare da fis a kusa da kan batirin sosai, ta 87 kuma ta wuce zuwa oba-oba. Ta 85 a ɗaure ta a bodin mota inda aka kankare fenti, sannan ta 86 a haɗa ta da wayar da ke kunna rediyon mota. Na fi son wannan wayar saboda a yawancin motoci wutarta takan ɗauke lokacin da ake tayar da inji, wanda hakan ke kare na'urar daga faɗuwar wuta. Sai a bar makunnin oba-obar a kunne kullum.

GM300 mai ramin haɗi na fil 16 tana da nata tsarin na kunnuwa da makulli ta fil na 10, sai dai yana buƙatar cire wani ɗan fis a cikinta, aikin da ban so kowa ya taɓa ba in ba gwanin gyaran oba-oba ba. Idan kuma babbar mota ce mai bolt 24, dole ne a sa na'urar rage wuta zuwa 12 tukuna.