Kurɗawa da babur tsakanin motoci a gosulo: ganganci ne ko dabara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na sayi Boxer ina zuwa aiki da shi daga Kurna zuwa cikin garin Kano, in gosulo ya haɗu sai in riƙa kurɗawa tsakanin motoci kamar yadda kowa ke yi. Yayana mai mota ne, irin masu goge ta safe da yamma ɗin nan, ya je ya ce wa Hajiyarmu wai kashe kaina nake nema, yanzu ta ce ko in daina ko in sayar da babur ɗin. Abokina kuma ya turo min bidiyo wai a Amurka an yi bincike an gano kurɗawar ta fi tsayawa a layi aminci. Ni dai tsoro ya fara kama ni, don jiya jikin wata tirela ya gogi gwiwar hannuna duk da na yi ta danna mata ham. Wa ke da gaskiya?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Da farko ka gode wa Allah da abin ya tsaya a gwiwar hannu.

Binciken da abokinka ke magana a kai akwai shi, ba ƙarya ba ne. Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ce ta fitar da shi a 2015, sun duba haɗuran babur kusan 6,000, wajen 1,000 daga ciki masu kurɗawa ne, kuma an ga waɗannan ba a cika buge su ta baya ba, raunin kai da mutuwa ma sun fi ƙaranci a cikinsu. Amma mai bidiyon bai gaya muku sharaɗin ba. Sun ce haɗarin abin yana raguwa ne in gudun motocin bai wuce kilomita 80 a awa ba, kuma mai babur bai ɗara su da fiye da kilomita 24 ba. Sannan masu kurɗawar nan sun fi sauran sa hular kwano mai rufe fuska gaba ɗaya, a kan titi mai layi a zane da faɗinsa ya haura mita uku da rabi. Kai fa? Titin Katsina da ƙarfe bakwai na safe, layi biyu ya zama huɗu, ga adaidaita sahu da ke cin birki duk inda aka ɗaga masa hannu, ga mai ruwan leda a tsakiyar motoci. Dokar Kalifoniya da ta halatta kurɗawa ta fara aiki a 2017 amma ba za ta karɓe ka a hannun ɗan KAROTA, wato jami'in kula da zirga-zirgar titi na Kano, ba. Ostireliya ma, jihar da Sidni take ta halatta abin a 2014, amma iyakarka kilomita 30 a awa, ba a yi ta gefen bakin titi, ba a yi a jikin motocin da aka faka, ɗan koyo kuma an hana shi kwata-kwata.

Yayanka kuwa rabin maganarsa tausayi ne, rabi kuma fentin motarsa da madubinsa yake ji, na san irin masu motar nan sarai. Wasunsu har karkato kan mota suke yi da gangan su toshe wa mai babur hanya wai don su koya masa hankali, wannan ba son mota ba ne mugunta ce, wanda ya ture mutum a haka ya san abin da ya aikata. Amma fa kar ka ce don haka maganarsa ta faɗi.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne cewar da ka yi ka danna wa tirela ham. Wallahi wannan tunanin na "ai yana ganina" ko "ai ya ji ni" kullum sai na ci karo da shi wajen masu koyon tuƙi, har na gaji da maimaitawa. Ba ya ganinka! Tun 1972 muke bin hannun dama a Nijeriya, direban yana zaune a hagu can sama, kai kuma kana maƙale a damansa ƙasa da ƙofar yaron mota, wurin da madubi ba ya kamawa ko da lafiyarsa ƙalau, balle madubin da aka ɗaure da roba ko ya tsage rabi. Injinsa na ruri, rediyo na kunne, babura goma na ham lokaci ɗaya, ta ina zai ware naka? In ka ɗaga kai ba ka ga fuskarsa a madubinsa ba, to shi ma a wajensa babu kowa a wurin.

Mutane na ganin tunda tirela a hankali take tafiya ai jikinta ya fi daɗin bi, to a wannan hankalin take niƙa mutum. In za ta sha kwana zuwa dama sai kanta ya fara buɗewa hagu, sai wani fili ya bayyana a damanta, ɗan babur ya ce alhamdulillahi ya ba ni hanya, ya zura. Ba hanya ya ba ka ba, wurin da tayoyin baya za su bi ne, don su ba sa bin sawun na gaba, yankowa suke yi ta ciki. Filin sai ya rufe kamar bakin almakashi, damanka kwalbati ne ko gefen titi mai tudu, hagunka taya mai tsayin ƙugunka, ba inda za ka. Direban sau da yawa ba ya ma sanin ya taka wani abu sai ihun jama'a ya tsayar da shi. Je ka shataletale ko hanyar Dawanau ka tsaya ka kalli tayar baya ta tirela ɗaya kawai tana kwana, ka ga inda take bi, ya fi duk bayanina. Tanka, tifa, doguwar bas, duk haka suke.

In abu ya faru kuma sai ka ji ana cewa ƙaddara ce, an yarda ƙaddara ce, amma wa ya tura ka tsakanin tanka da kwalbati? Wani kuma yana taƙama da laya a ƙarƙashin sit. Sannan a kwashi mutum ƙashi ya ɓullo waje da ƙasar titi a jikinsa a kai shi wajen mai ɗori a naɗe da tsumma, sai ƙafa ta fara wari a tuna akwai asibitin ƙashi na Dala. Karayar da ta huda fata asibiti ake kai ta a ranar, ba a jira gobe.

To me za ka yi? Ban ce ka sayar da babur ba. Ka kurɗa kawai in motoci sun tsaya cak ko suna jan ciki, a giya ɗaya ko biyu, yatsu biyu a kan birkin gaba. A kilomita 40 kana cin mita 11 duk daƙiƙa ɗaya, wato kafin ma hannunka ya matse birki ka wuce tsawon mota biyu, shi ya sa ƙofar da fasinja ya buɗe ba zato take kayar da mutum. Ka riƙa kallon tayar gaba ta motoci ba sigina ba, taya ce ke fara nuna inda direba ya nufa. Duk inda ka ga gibi a layi ka ɗauka wani zai faɗo ciki, ko mai tsallaka titi ya ɓullo ta gaban bas. Da motoci sun fara gudu ka koma layi ka riƙe tsakiyarsa kamar mota. Babbar mota kuwa ka zauna a bayanta da tazara har ta gama kwanarta, ko masu babur na bayanka za su zage ka su zaga.

Hajiya kuma kar ka je mata da maganar binciken Amurka, ba za ta saurare ka ba. Sayi hular kwano mai rufe haɓa, ka ɗaure igiyarta a gabanta kafin ka fita, ka yi mata alkawarin ba za ka ƙara shiga gefen tirela ba, ka roƙe ta ta sa maka albarka. In tilas ne, ka riƙa fita minti 20 kafin lokacin da ka saba.