Amsa: Zama na dindindin a ƙasa mai zafi da laima

Ɗan'uwa, ka ce za ka koma wata ƙasa mai zafi da yawan ruwan sama da zama na dindindin, kana tambayar me zai fi ba ka wahala.

Zafin da sauƙi. Jiki kan saba cikin mako 1 zuwa 2 in kana shan ruwa sosai, kana kuma guje wa rana tsaka. Laimar ce za ta ba ka mamaki: zufa ba ta bushewa, takalmi da littattafai su yi fumfuna a kabad. Nemi gida mai shan iska tun kafin ka duba kyansa.

Sauro kuwa, kada ka raina shi. Na maleriya da dare yake cizo, amma mai kawo zazzaɓin dengue da rana yake aiki, don haka gidan sauro kaɗai bai isa ba. Rigakafin zazzaɓin shawara, tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Ajiye katin rigakafin tare da fasfo.

A ganina kaɗaici ya fi duk waɗannan cin baƙo. Wanda ya maƙale wa 'yan ƙasarsu sai ya shekara da shekaru bai iya gaisuwa ba. Koyi harshen ko ana yi maka dariya, in maƙwabci ya gayyace ka, ka je.